Rediyon Kaduna da Kiɗan Gargajiya, Kamar Yadda Bauchi Ta Ji Shi

A ranar 15 ga Maris, 1962, gidan rediyo da talabijin na Gwamnatin Jihar Arewa ya fara watsa shirye-shirye daga Kaduna. Ga shi yanzu ya haura shekara sittin. A takarda sunansa ya sauya fiye da sau ɗaya: ya fara da BCNN, aka san shi da Rediyo Talabijin Kaduna, daga baya ya zama Rediyon Tarayya na Kaduna. Mu dai a Bauchi suna ɗaya muka riƙe. In dattijo ya ce wa yaro "kamo mana Kaduna", yaron ya san inda zai murɗa allura ta tsaya. Masu ba da tarihin gidan sun fi karkata ga labarai da siyasa da tafsirin azumi, kuma suna da hujjarsu. Ni kuwa abin da na fi so a tuna masa shi ne hidimar da ya yi wa kiɗa da waƙar gargajiya, domin ban san wata hukuma a ƙasar nan da ta yi musu irinta ba.

Sai mutum ya san yadda kiɗa yake kafin zuwan rediyo sannan zai gane girman wannan aiki. A ƙasar Hausa kowane kiɗa da mai shi. Tambari da kakaki da algaita na sarki ne, talaka yakan ji su ne ranar hawan sallah ko naɗin sarauta, ko kuma in ya bi ta ƙofar fada daren Juma'a. Taushi da kotso da jauje na sarakuna ne da hakimai, makaɗinsu yana da ubangida guda, shi yake ci da shi, shi yake tufatar da shi, shi yake ba shi doki. Kalangu na mahauta ne da 'yan dambe da 'yan mata a dandali. Dundufa ta maƙera ce. Gangar noma sai a gona ranar gayya. Garaya ta mafarauta ce da masu bori, shantu da kiɗan ƙwarya kuwa na mata ne a cikin gida, namiji baligi ba ya ko leƙawa. Saboda haka mutum zai iya rayuwa ya tsufa a Unguwar Jaki ko Ƙofar Dumi bai taɓa jin yadda ake yi wa Sarkin Gobir na Isa kiɗa ba, sai dai fatake su ba shi labari. Waƙa takan mutu tare da mai ita, in an yi sa'a 'ya'yansa da 'yan amshinsa su riƙe wani abu daga ciki.

Rediyo ya riga 1962 shigowa Arewa. Tun 1944 aka kafa wa Kano irin rediyon nan na waya, wanda ake ja wa mutum igiya har ɗakinsa a maƙala masa akwati a bango, yana biyan kuɗin wata. A 1951 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa sashen watsa labarai na ƙasa, wanda ya zama hukumar NBC a 1957, shekarar da BBC ma ta buɗe sashen Hausa a Landan. Amma duk waɗannan, akalarsu tana hannun wasu. Da tsarin mulkin 1954 ya ba jihohi damar kafa nasu gidajen, Yamma ta buɗe nata a Ibadan a 1959, Gabas ta bi baya a Inugu a 1960. Firimiyan Arewa, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, bai ga dalilin da zai sa yanki mafi faɗi da yawan jama'a ya zauna yana jiran a yi magana da yawunsa ba. Gwamnatinsa ta haɗa jari da kamfanoni biyu na Ingila, Granada da EMI, aka kafa gidan Kaduna. EMI kuwa kamfanin faifai ne, sana'arsa ɗaukar murya, kuma shi ne ya zo ya buga faya-fayan manyan makaɗan Hausa da dama.

Mutanen Bauchi suna da dalilinsu na musamman na son rediyo a wancan zamani. Firayim Ministan ƙasar ɗansu ne, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, tsohon malamin Midil ta Bauchi, wanda aka yi wa laƙabi da mai muryar zinariya. Jawabinsa na ranar 1 ga Oktoba, 1960 ta akwatin rediyo ya iso wa mafi yawan waɗanda suka ji shi. Bauchi garin Malam Sa'adu Zungur ne kuma, inda aka san darajar magana mai ma'ana da waƙa mai tsari tun kafin a san siyasar jam'iyya. A waɗancan shekarun ne jirgin ƙasa ya iso Bauchi daga Kuru a kan hanyarsa ta zuwa Gombe da Maiduguri. Gari ne da ya daɗe a gefe, sai ga hanyoyi suna buɗe masa, ɗaya ta ƙarfe, ɗaya ta iska.

Babban abin da magabatan gidan Kaduna suka yi, Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, shi ne shawarar da suka yanke tun farko cewa makaɗin gargajiya yana da kujera a gidan. Ba dole ba ne a yi hakan. Yawancin ma'aikatan farko 'yan boko ne da suka samu horo a hannun Turawa, a ɗakin ajiya kuma ga faya-fayan kiɗan Turai da na Ikko da na Kwango, waɗanda ɗora su a kan na'ura ba ya buƙatar komai. Kawo makaɗi kuwa aiki ne. Sai an aika masa, ko a bi shi garinsu, wani lokaci sai an nemi iznin ubangidansa. In ya zo, ba shi kaɗai zai zo ba, da 'yan amshi da makaɗa da sanƙira. Ɗakin ɗaukar murya an gina shi ne don mutum ɗaya mai karanta labarai, yanzu ga mutum goma, ga kalangai suna neman danne muryar mai waƙa. Dole injiniya ya koyi inda zai zaunar da kowa, ya matso da wannan kusa da makirufo, ya tura wancan can ƙurya. Shi ma makaɗin sai ya koyi yin waƙa babu taro, babu mai yi masa kari, babu mai guɗa, sai jar fitila da wani mutum a bayan gilashi yana ɗaga masa hannu. An yi haƙuri da juna har aka saba.

Akwai wata fa'ida da ba a cika ambata ba. Tsohon faifan garmaho yana ɗaukar kamar minti uku ne a kowace fuska, don haka duk waƙar da za a sa a kai sai an datse ta. Waƙar Bahaushe kuwa ba ta san minti uku ba. Makaɗin fada zai kafa gindin waƙa, ya kawo ɗiya, ya koma gindi, ya jero asalin ubangidansa, ya yi wa abokan hamayya zambo da habaici, sannan ya sauka. Tef ɗin gidan rediyo, mai faifai biyu yana warwara daga wannan zuwa wancan, shi ya ba waƙa damar miƙe ƙafa. Abin da ya sa ke nan da yawa daga cikin dogayen waƙoƙin da ke yawo a wayoyin mutane yau, in aka bi salsalarsu, a wani gidan rediyo aka fara ɗaukarsu.

Daga 1962 zuwa ƙarshen shekarun 1970 nake kira zamanin albarka. A lokacin ne ƙaramin rediyo mai aiki da batir ya yi araha, ya fita daga zauren attajiri ya shiga ko'ina. Tela a Kasuwar Wunti yana taka keke da shi a gefe. Mai shayi ya ɗora nasa a kan tebur kusa da gwangwanin madara, jama'a sun kewaye shi. Bafulatani ya rataya nasa a kafaɗa, cikin rigar fata da dukawa suka ɗinka masa, yana bin shanu a dajin Alkaleri ko Darazo. Kaduna tana zuwa a gajeren zango, mita 49, tana ratsa duwatsun Bauchi ta wuce har Nijar da Kamaru da Chadi da zangon Hausawa na Gana. Shirin Zaɓi Sonka kuwa ya mai da mai sauraro abokin aiki: ka sayi kati, ka rubuta gaisuwa ga 'yan uwa da abokai, ka zaɓi waƙa, ka zauna jiran ranar da za a kira sunanka da na unguwarku duk Arewa tana ji. Wanda aka karanta katinsa yakan wuni ana yi masa barka.

To a nan ne Bauchi ta san manyan makaɗan da ba ta taɓa gani da ido ba. Ta ji Ibrahim Narambaɗa da zurfin azancinsa. Ta ji Salihu Jankiɗi na fadar Sarkin Musulmi, da Mamman Sarkin Taushin Katsina, da Musa Ɗanƙwairo wanda waƙoƙinsa na Sardauna suka zama kamar taken zamanin. Ta ji Ɗan Anace yana zuga 'yan dambe, Kassu Zurmi yana kiran mazan daji. Ta ji kukumar Ibrahim Na Habu da Ahmadu Doka da Hassan Wayam da Garba Sufa, da gurmin Haruna Uji na Haɗeja. A saman su duka ga Alhaji Mamman Shata, wanda bai jingina da fada ɗaya ba, ya yi wa sarki, ya yi wa direba, ya yi wa ɗan kasuwa, ya yi wa soja. Shata da rediyo sun yi wa juna rana. Da ba don rediyo ba da ya tsaya shahararren makaɗin Katsina da Kano, da kuma ba don irinsa ba da rediyon bai shiga zukatan talakawa haka ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, amma masu sauraro sun riga jami'a yanke wannan hukunci da shekaru ashirin.

Ɗan Maraya Jos ya fi kusa da mu, don tsakanin Jos da Bauchi tafiyar sa'o'i biyu ce, kuma ana ganinsa a bukukuwa. Shi kaɗai ne da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ba 'yan amshi, ba ganga, yana waƙar karen mota da leburori da zaman aure da halin mutane. A dandali mai hayaniya irin wannan ƙaramin kayan kiɗa yakan ɓace. Makirufo ne ya ɗaga shi har ya yi daidai da tambari a kunnen mai sauraro. Haka kuma mata. Kiɗan amada da aka saba yi a tsakar gida, rediyo ya fito da shi, aka san Uwaliya Mai Amada da Barmani Choge, matan kulle a Bauchi suka ji 'yan uwansu suna faɗin abin da ke ransu game da kishiya da sana'a da haihuwa, ba tare da sun taka ƙofar gida ba.

Wani amfanin ya shafi harshe. Hausar Bauchi daban take da ta Sakkwato, Guddiranci na ƙasar Katagum ma da nasa salon. Ta bakin Narambaɗa da Ɗanƙwairo yaran Bauchi da Azare da Misau suka saba da Sakkwatanci da Zamfaranci, suka san sarautu da garuruwan da ba su cikin littafin makaranta, irin su Isa da Maradun da Shinkafi da Talatar Mafara. Wanda Hausa ba harshen gidansu ba ce, Bajari ko Basayi ko Bawarje, shi ma ya tsinci kaso mai yawa na Hausarsa a nan. Gwamnati ta gane wannan ƙarfi. Da za a koma tuƙi ta hannun dama a Afrilun 1972, da za a bar fam da sule a kama naira da kwabo a Janairun 1973, da aka zo gangamin noma da na sa yara makarantar firamare kyauta a 1976, makaɗa da mawaƙa aka nema. Sanarwar ofis takan wuce ta bayan kunne, amma in aka sa ta a waƙa har yara sukan haddace.

Gidan ya ga jarrabawa. A ranar 15 ga Janairu, 1966 aka kashe wanda ya kafa shi, aka kashe Tafawa Ɓalewa, kuma ta wannan gidan rediyon ne masu juyin mulki suka yi jawabi. Ma'aikata suka daure suka riƙe gidan. Da aka raba Arewa jihohi shida a 1967, jihohin suka ci gaba da mallakarsa tare, Bauchi tana cikin Jihar Arewa maso Gabas mai hedikwata a Maiduguri. A shekarun yaƙin basasa waƙoƙin ƙarfafa gwiwar soja sun yi yawa a gidan, kamar yadda kowane gidan rediyo yake yi in ƙasarsa tana yaƙi.

A ranar 3 ga Fabrairu, 1976 Janar Murtala Muhammad ya ƙirƙiro Jihar Bauchi. Ba a daɗe ba gwamnatin tarayya ta karɓi gidajen talabijin duka ta haɗa su a NTA, sannan daga 1 ga Afrilu, 1978 aka kafa hukumar Rediyon Tarayya, FRCN, Kaduna ta zama ɗaya daga manyan tashoshinta tare da Ikko da Ibadan da Inugu. Mutanen Arewa sun ji tsoron za a rage wa gidan murya, aka yi ta kai gwauro da mari, a ƙarshe aka bar masa gajeren zangonsa da harsunansa, Hausa da Fulatanci da Barbarci da Nufanci da Turanci. Ni a ganina wannan sauyi ya ƙara masa daraja, domin daga ranar kalangu da kotso suka zama abin da rediyon ƙasa yake watsawa da sunan Nijeriya. Shekara guda kafin nan, a bikin FESTAC na 1977, an yi babban hawan daba a Kaduna, baƙi daga ƙasashen duniya suka ga kakaki da tambari da idonsu. A tsarin na 1978 ne kuma aka miƙa wa jihohi ƙananan tashoshin NBC da ke cikinsu, Bauchi ta samu gidan rediyonta na jiha, wanda muka sani da BRC.

Akan ce Kaduna ta fi ba makaɗan Sakkwato da Katsina da Kano da Zazzau fili, na gabas ba su samu kamar haka ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma uzurin a bayyane yake. Gida ɗaya ne yake ɗauke da yanki mai ɗaruruwan harsuna, kuma manyan fadojin da suka riƙe makaɗa na gado sun fi yawa a yamma. Wannan giɓi gidan jiha ne ya dace ya cike shi, kuma ya yi bakin ƙoƙarinsa. Jihar Bauchi ta wancan lokaci, kafin a cire Gombe a 1996, ta haɗa Gerawa da Jarawa da Sayawa da Warjawa da Fa'awa da Zulawa da Bolawa da Karekare da Fulani da Tangale da Waja da Tera. Ranar da mutumin Dass ko Bogoro ya fara jin gangar garinsu tana fitowa daga akwatin rediyo, ya san jihar da aka ƙirƙiro ta haɗa da shi.

Shekarun da suka biyo baya na ƙunci ne ga kowace ma'aikatar gwamnati. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya sa kayan gyara da tef suka yi tsada. Kaset ya yawaita, kowa ya iya sayen waƙar da yake so a kasuwa. Waƙoƙin finafinan Indiya suka samu masoya, daga baya aka zo da waƙoƙin fiyano na finafinan Hausa. Dokar 1992 ta buɗe ƙofa ga gidaje masu zaman kansu. Muhawarar malamai a kan hukuncin kiɗa ta yi zafi a wasu lokuta, amma gidan Kaduna ya san yadda ya zauna da kowa lafiya: tafsirin Shehu Abubakar Gumi da na Shehu Ɗahiru Usman Bauchi suna da lokacinsu, makaɗa suna da nasu. Abin da ya fi ciwo shi ne tafiyar manyan. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Muryoyinsu sun saura ne saboda wani ma'aikaci ya taɓa zaunar da su gaban makirufo ya danna maɓalli.

Yau Rediyon Tarayya yana da gida a cikin garin Bauchi, Globe FM a kan mita 98.5, ɗaya daga tashoshin FM da hukumar ta kakkafa a jihohi bayan dawowar mulkin farar hula. Ga BRC, ga gidaje masu zaman kansu. Wani zai ce tunda tashoshi sun yi yawa, ga kuma waya a hannun kowa, aikin rediyon gwamnati ya ƙare. Ban yarda ba. Gida mai zaman kansa da talla yake rayuwa, dole ya sa abin da zai kawo masa mai talla, kuma ba laifinsa ba ne. Ba zai tura mota da ma'aikata uku zuwa wani ƙauye a ƙasar Ningi don ɗaukar tsohon mai garaya ba. Waya kuwa tana yaɗa abin da aka riga aka ɗauka ne kawai, sau da yawa ba sunan makaɗi, ba shekara, ba wanda aka yi wa waƙar. Gidan da aka kafa da dukiyar jama'a, mai ɗakin ajiya da injiniyoyi da al'adar rubuta bayani a bayan kowane tef, shi kaɗai ne zai iya wannan aiki, kuma shi ya gaje shi daga magabatansa.

Aikin gida biyu ne. Na farko ceto abin da ke ajiye. Tef ba ya jure zafi da laima da ƙura, yakan manne ko ya gutsuttsure, injinan da ke karanta shi ma sun zama abin nema. Duk tef ɗin da ke Kaduna da Bauchi ya kamata a juye shi zuwa kwamfuta, a rubuta sunan makaɗi da garinsa da kayan kiɗansa da shekarar ɗauka, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, ciki har da Gidan Arewa na Kaduna. Tsofaffin ma'aikatan da suka san abin da ke cikin kowane kwali suna nan da ransu, wasu a nan Bauchi suke zaune bayan ritaya, a nemi taimakonsu tun suna iya tunawa.

Na biyu fita daji, kamar yadda ma'aikatan farko suka yi. Masarautun Bauchi da Katagum da Misau da Jama'are da Ningi da Dass duk suna da makaɗan fada, wasunsu sun manyanta, 'ya'yansu kuma sun kama wasu sana'o'i. Akwai masu gangar noma, da masu kiɗan farauta, da masu sarewar Fulani da kiɗan sharo, da kaɗe-kaɗen bukukuwan kaka na Sayawa da Jarawa da Warjawa. Ɗaliban aikin jarida na Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ta Abubakar Tatari Ali za su iya raka ma'aikata, su koyi aikin a fili. A biya makaɗi haƙƙinsa, a tambaye shi tarihinsa da na wanda ya koya masa kafin ya fara kiɗa, sannan a ba shirin lokaci mai kyau, bayan sallar isha'i lokacin da iyali suke tare, kada a tura shi tsakar dare. Lokacin fita kuwa sananne ne: daga an gama girbi zuwa faɗuwar ruwan farko, sa'ad da hanyoyin ƙauye suka bushe, ake dambe da kokawa da bukukuwan aure, sai kuma ranakun hawan sallah biyu da makaɗan kowace fada suke fitowa gaba ɗayansu.